Yadda zaka karanta kundin tsarin mulki ka gane inda aka rataye makullin

Ana saura 'yan kwanaki a yi referandam ɗin 17 ga Disamba 2023, wato ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin tsarin mulkin Chadi, majalisarmu ta shayi da ke ƙofar shagona na fotokopi a nan Injamena ta koma filin dambe, wannan yana cewa wi (eh), wancan yana cewa non (a'a), wani kuma yace shi ko ƙafarsa bazata taka wurin zaɓen ba. Akwai wani dattijo mai goro da yake shimfiɗa tabarmarsa a gefenmu, bai taɓa sa mana baki ba, ranar nan sai ya ɗago kai yace "'ya'yana, wai a cikinku wa ya karanta takardar da kuke wannan kumfar baki a kanta?" Mu bakwai ne a wurin har da malamin lise (makarantar sakandare), wallahi babu ko ɗaya. Nace "Baba ai mun ji a rediyo." Yace toh shima a rediyon yaji, da me muka fi shi kenan. Kunya ta sa washegari na buga takardar gaba ɗayanta, muka yi makonni muna binta bayan la'asar, kuma hanyar da muka gano bayan mun sha wahala ita nake so in nuna maka, ko kana nan Chadi ko kana tsallaken gadar Ngeli a Kusiri, Marwa ko Garwa ta Kamaru, domin takardun namu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Da farko ka samo takardar ta gaskiya. Wannan kamar wasa ne amma mutane da yawa a nan suke faɗuwa, saboda abin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa daftari ne na kafin a gama, ko tsohon kundi da aka sake wa bango. Ka duba kwanan wata. Na Chadi an sa masa hannu 29 ga Disamba 2023, kuma an taɓa shi a Oktoba 2025, don haka in naka bai da wannan gyaran toh tsohon labari kake karantawa. Na Kamaru shine na 18 ga Janairu 1996 tare da gyaran da aka yi masa, irin na Afrilu 2008, gajere ne, artikil (wato sashe) 69 kacal, namu kuwa ya haura 200. Ka buga shi a takarda, kar ka karanta a waya, ba don ina da shagon fotokopi nake faɗa ba (ko da yake in ka zo bazan kore ka ba), sai don kana buƙatar fensir, zaka ja layi, zaka koma baya, zaka ajiye shafi biyu gefe da gefe. In da hali ka samo tsofaffin kundin Chadi ma, na 1996 da na 2018, nan gaba zaka ga amfaninsu.

Kuma kar ka zauna kai kaɗai. Takardar da Faransanci da Larabci take, su ne harsunan hukuma a Chadi, a Kamaru kuma Faransanci da Ingilishi, ba wanda ya rubuta mana ita da Hausa. Ka nemi mai Faransanci mai kyau, ka nemi wanda ya yi karatun Larabci, sannan mafi muhimmanci ka nemi mutum ɗaya mai kaifin basira wanda bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Shi ne zai hana ku yaudarar kanku, domin ɗan boko in ya karanta kalma mai nauyi sai ya gyaɗa kai kamar ya gane, shi kuwa Baba mai goro sai yace "a'a, faɗa mini da Hausa", kuma in ka kasa faɗa da Hausa toh kai ma baka gane ba.

Kafin ku buɗe shafin farko akwai tunani guda uku da ya kamata su zauna muku a kai, don duk irin waɗannan takardu a kansu aka gina su, ko an bi su ko ba a bi ba.

Ka tuna yadda ake watandar sallah a unguwa. Ba a ba mutum ɗaya kuɗi yaje kasuwar shanu shi kaɗai, ya sayo, ya yanka, ya kasa, sannan ya fara zaɓar kashinsa. Wani ne ke riƙe kuɗi, wasu su je ciniki, mahauci ya kasa, sai a kira yaro ya juya baya ana nuna kashi yana kiran suna. Ba don ana zargin Alhajin da ke riƙe da kuɗin ba ne, Alhaji mutumin kirki ne kowa ya sani, amma ba don Alhajin bana aka yi tsarin ba, an yi shi ne don wanda zai riƙe kuɗin baɗi wanda ba mu san halinsa ba. Toh wannan shine rarraba iko. Wani Bafaranshe, Monteskiyo, wanda ya taɓa zama alƙali a Bordo, shi ya shimfiɗa shi dalla-dalla a 1748: mai yin doka daban, mai zartar da ita daban, mai yanke hukunci daban, saboda a ganinsa duk wanda ya samu iko zai yi ta tura shi gaba har sai ya ci karo da abin da zai tsayar da shi, kuma ba abin da ke tsayar da iko sai wani iko. Jems Madison, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta kundin Amurka a Filadelfiya a 1787, ya faɗi kusan haka, cewa da mutane mala'iku ne da ba a buƙaci gwamnati ba tun farko.

Na biyu, mulki amana ne mai sharaɗi. Jon Lok na Ingila ya rubuta a 1689 cewa mutane ne suka yarda suka kafa hukuma don ta kare musu rai da 'yanci da dukiya, in ta juya tana cin abin da aka ba ta tsaro toh amanar ta warware. Wani masanin, Russo, ya zo a 1762 yace ikon ƙoli na jama'a ne baki ɗaya, ba na sarki ba. Daga nan Amurkawa suka ɗauko hujjar ballewa daga Ingila a sanarwarsu ta 4 ga Yuli 1776. Da muka zo nan malaminmu na Larabci ya yi dariya yace ai wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, ya kawo huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda yace a yi masa biyayya matuƙar yana yi wa Allah da Manzonsa biyayya, in ya saɓa babu biyayyarsa a kan kowa. Ya kuma tuna mana cewa Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano Diya'ul Hukkam a kan abin da ya hau kan mai mulki. Ba nace abu ɗaya ne da na Turawa ba, tushen ya bambanta, amma tunanin cewa mai mulki yana ƙarƙashin wata ƙa'ida da ta fi shi, ba jirgin ruwa ne ya kawo mana shi ba.

Na uku, akwai haƙƙoƙin da ko rinjayen ƙuri'a bai isa ya taɓa ba. Faransawa sun jera nasu a sanarwar 26 ga Agusta 1789, artikil 17, kuma na 16 ɗinsu ya kamata ka rubuta shi a bangon takardarka, ma'anarsa ita ce duk al'ummar da ba a lamunce haƙƙoƙi a cikinta ba kuma ba a rarraba iko ba, toh ba ta da kundin tsarin mulki sam. Wato ba bango da tambari ke sa takarda ta zama kundi ba. Amurka ta ƙara nata guda 10 a 1791, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata mai artikil 30 a 10 ga Disamba 1948, Afirka ta yi nata a Nairobi a 1981. Amma fa kar ka ɗauka waɗancan magabatan waliyyai ne, waɗanda suka rubuta cewa an halicci mutane daidai da yawansu bayi gare su a gona, sai 1865 aka haramta bauta a kundin Amurka, mata kuma sai 1920 suka samu ƙuri'a a faɗin ƙasar, a Faransa ma sai 1944.

Toh yanzu a buɗe takarda.

Gabatarwar, abin da suke kira preambule, ku karanta ta da ƙarfi sau ɗaya ku wuce, kar ku daɗe. Daɗi gare ta kamar waƙar biki. Ta Chadi ta 1996 har cewa ta yi al'umma na adawa da duk mulkin da aka gina kan zalunci da kama-karya da cin hanci da ƙabilanci da ƙanƙame mulki, har ta ba ɗan ƙasa haƙƙi, kai wajibi ma, na bijire wa duk wanda ya ƙwaci mulki da ƙarfi ko ya yi shi ta hanyar da ta saɓa wa kundin, kaga Jon Lok kenan ya sa rawani ya zauna a Injamena. Dalilin wannan zafin kuwa tarihi ne, an fito daga shekarun mulkin Hissen Habre na 1982 zuwa 1990, an yi babban taron ƙasa daga Janairu zuwa Afrilu 1993, mutane na ɗauke da tabo. Abu ɗaya kawai zaka bincika a nan: shin gabatarwar tana da ƙarfin doka ko ado ce? A Kamaru wannan tambaya ce babba domin yawancin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a cikin gabatarwar aka zuba su, sai artikil na 65 ya zo yace gabatarwar ɓangare ce ta kundin. Ba don wannan layi ɗaya ba da duk haƙƙoƙin a tsakar gida suke kwana.

Daga nan sai ka yi abin da ba wanda yake yi, ka tsallake komai ka tafi can ƙarshe, babin da ke maganar revision, wato yadda ake gyara kundin kansa. Ni a wurina nan ne makullin gidan yake rataye, duk ƙofofin ƙarfe da aka jera a gaba, in makullin yana hannun mutum ɗaya toh sunansu ado. Ka tambayi takardar: wa ke da ikon kawo gyara? Ƙuri'a nawa ake buƙata? Dole ne a koma wurin jama'a ko 'yan majalisa sun isa? Sannan wane abu ne aka ce ba a taɓa shi ko ana ha-maza-ha-mata? A Amurka sai kashi biyu cikin uku na majalisu biyu sun yarda, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince, shi ya sa tun 1787 gyara 27 kawai aka yi. A Kamaru artikil na 63 ya ba majalisa damar yin gyaran a zaman haɗin gwiwa, zuwa referandam kuma zaɓi ne na shugaban ƙasa, na 64 ya kulle tsarin jamhuriya da haɗin kan ƙasa da ƙa'idojin dimokuraɗiyya, amma bai ambaci wa'adin shugaba da suna ba, sai gashi a Afrilu 2008 an cire iyakar wa'adi ba tare da an tambayi mai goro a Marwa ba.

Anan ne tsofaffin takardun nan zasu yi maka aiki. Ka jera su a tabarma ka nemo artikil ɗin wa'adin shugaban ƙasa a kowanne. Na Chadi na 1996: shekara 5, sau biyu. Referandam na Yuni 2005 ya cire iyakar. Na 2018 ya dawo da ita, shekara 6 sau biyu, amma ba a ƙirga abin da ya wuce ba, wato da marigayi shugaba Idris Debi ya rayu zai iya kaiwa 2033, kuma wannan kundin ne ya soke kujerar firaminista. Na 2023: shekara 5, a sabunta sau ɗaya, firaminista ya dawo. Oktoba 2025, ko shekara biyu kundin bai cika ba, majalisun biyu suka zauna suka mai da shi shekara 7 ba iyaka. Da na gama karanto wannan jerin Baba ya daɗe bai ce komai ba, can yace "ashe dai layi ɗaya ne ake ta gogewa ana rubutawa, sauran shafukan rakiya suka yi." Ba sai kana goyon bayan wani ko kana adawa da wani zaka ga wannan ba, a rubuce yake, kwanan wata da kwanan wata.

Ka yi haka kuma da shekarun ɗan takara, abin zai baka dariya. 2018 aka kai shi 45, a 2020 aka sauko da shi 40, wanda hakan ya isa ya hana ɗan adawa Sukse Masra tsayawa a 2021 don bai kai ba, 2023 aka mai da shi 35. Telan da ke zama da mu yace shi dai a sana'arsa in yaga ana ta rage riga ana ƙarawa, ya san akwai wanda ake gwadawa a jikinsa. Duk artikil ɗin da kaga lamba a ciki, shekaru ne ko kashi ne ko kwanaki, ka tsaya ka tambayi kanka wa wannan lambar ta shigar, wa ta fitar.

Bayan nan sai ka dawo babin shugaban ƙasa, ka ɗauki fensir, duk inda kaga kalmar nomme, wato yana naɗawa, ka ja layi. Ka samu farar takarda ka rubuta shugaban ƙasa a tsakiya ka dinga jan kibiya zuwa duk wanda yake naɗawa, sannan da wani launi ka ja kibiyar duk wanda zai iya tsayar da shi ko ya cire shi. In ka gama ka ƙirga. Kundinmu da na Kamaru duk jikokin kundin Faransa ne na 4 ga Oktoba 1958 wanda aka ɗinka wa Janar Digol, shugaba mai ƙarfi, yana rusa majalisa, yana da ikon gaggawa, toh da aka kawo samfurin nan sai aka ƙara masa gishiri. Ka duba majalisar dattawa: a Chadi sanata 69 ne, 46 zaɓaɓɓu, 23 shugaba ke naɗawa, a Kamaru 100 ne, 30 naɗaɗɗu. Sai ka haɗa wannan da abin da ka karanto a babin gyara, in ana buƙatar wani kaso na 'yan majalisa don a taɓa kundin, kuma wani ɓangare nasu naɗa su aka yi, lissafin ba sai an kira malamin lissafi ba.

Alƙalai kuma ka ba su lokaci sosai, musamman Conseil constitutionnel, kotun da ke fassara kundin kuma take tabbatar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Wa ke naɗa su, na shekara nawa, ana sabunta musu? Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, alƙalin da ke jiran a sabunta masa kujera ba zai so ya ɓata wa mai sabuntawar rai ba, ɗan Adam ne. Sannan wa ke da ikon kai ƙara gabansu? A Benin, kundin da ya biyo bayan taron ƙasarsu na 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara kotun tsarin mulki kai tsaye. A Kamaru kuwa in batun doka ne sai shugaban ƙasa, ko shugabannin majalisu, ko kashi ɗaya cikin uku na depite ('yan majalisar wakilai) ko sanatoci, ko shugabannin yankuna a abin da ya shafi yankinsu, talaka ba ya ciki. In kana son ganin ranar da irin wannan kotu ta nuna haƙoranta ka tuna Nijar a 2009 lokacin tazarcen Tandja, kotun tsarin mulki a ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai tace referandam ɗin ya saɓa doka, shi kuma ya rusa kotun, Fabrairu 2010 sojoji suka ɗauke shi. Kotun ta faɗi gaskiya, amma ba ta da bindiga, ba ta da baitulmali.

Sai babin haƙƙoƙi, wanda kowa ke so. Karanta shi amma da ido biyu, domin akwai wasu ƙananan kalmomi da suke cinye manya. In kaga an ce kana da 'yancin taro da zanga-zanga da faɗin albarkacin baki, sai a ƙarshe aka liƙa dans les conditions fixées par la loi, ma'ana bisa sharuɗɗan da doka ta tanada, toh ka sani an baka tuwo ne an ajiye miyar a wani gida, sai ka je ka nemo waccan dokar kafin ka san me aka baka. Misali kundi zai ce ba a kama mutum ba bisa ƙa'ida ba, amma awa nawa za a riƙe ka a komisariya (ofishin 'yan sanda) ba a nan yake ba, yana cikin dokar shari'ar laifuka, awa 48 ne a matakin farko a ƙasashen biyu, kuma ana iya ƙarawa da izini. Haka ka bambance peut da doit, wato "yana iya" da "dole ne", tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ka bambance après avis da avis conforme, na farko a ji shawararka ne kawai a yi abin da aka ga dama, na biyu sai ka yarda. Malamin lise ɗinmu ma sai a wurin ya lura da wannan, ya kama baki.

Wata hajiya mai sayar da atamfa da ta zo ɗaukar fotokopin katinta ta tsaya tana saurarenmu, tace "Malam, ni tambayata ɗaya, in an taka mini wannan haƙƙin wa zan kai wa kuka, kuma nawa zan kashe?" Mun rubuta tambayarta a saman babin, duk artikil ɗin da muka karanta sai mu maimaita ta, kaima ka yi haka.

Maganar laïcité kuma ku yi ta a hankali don tana tada jijiyoyin wuya. Kalmar daga Faransa ta zo, inda aka raba coci da gwamnati a 1905. A takarda abin da take nufi shine hukuma ba ta da addinin kanta kuma ba ta fifita wani a kan wani, ba wai ta hana ka sallah ko ta hana maƙwabcinka zuwa coci ba. A ƙasar da Musulmi da Kirista suke kasuwa ɗaya, ku karanta ta tare da artikil ɗin 'yancin addini, kar ku karanta ta ita kaɗai.

Batun da ya fi raba majalisarmu shine siffar ƙasa, dunƙulalliya ko tarayya. Kundin 2023 ya zaɓi dunƙulalliya mai sakin wasu iko ga larduna, masu son tarayya, da yawansu daga kudu, suka ce ai ba a ma ba su zaɓin a akwati ba, takarda ɗaya aka kawo aka ce wi ko non, wasunsu suka ce non wasu suka ƙaurace, sakamakon hukuma ya ba wi kusan kashi 86 cikin 100. Kamaru ta ɗanɗana duka biyun, tarayya daga 1961, shugaba Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ya rushe ta da referandam na 20 ga Mayu 1972, kuma har yau wannan miki bai warke ba a yankunan masu Ingilishi. Shawarata kar sunan ya ɗauke maka hankali. Ka tambaya: mai mulkin lardina zaɓarsa ake ko daga babban birni ake turo shi? Harajin kasuwarmu ina yake kwana? Kaso nawa na kuɗin ƙasa aka rubuta ƙarara cewa na larduna da kwamin (ƙananan hukumomi) ne? In ba a rubuta lamba ba, an ce dai doka zata tsara, toh ka koma waccan maganar ta tuwo da miya.

Akwai kuma abin da ba a cikin takardar yake ba amma dole ka sani, wato yadda aka haife ta. Namu na yanzu ya biyo bayan rasuwar Idris Debi a Afrilu 2021, majalisar soja ta riƙon ƙwarya, yarjejeniyar Doha da 'yan tawaye ta Agusta 2022, babban taron tattaunawa da aka buɗe 20 ga Agusta wanda wasu manyan 'yan adawa da 'yan tawaye suka ƙi halarta, da kuma jinin da ya zuba a zanga-zangar 20 ga Oktoba 2022. Ka kwatanta da Afirka ta Kudu bayan wariyar launin fata: zaɓaɓɓiyar majalisa ce ta rubuta, jama'a suka aika ra'ayoyi kusan miliyan 2, aka gindaya ƙa'idoji 34 da dole kundin ya cika, kuma da aka kai wa kotun tsarin mulki daftarin farko a 1996 sai ta mayar da shi tace bai cika ba, aka koma aka gyara, sannan Mandela ya sa hannu a Shafbil 10 ga Disamba 1996. Shi da kansa wa'adi ɗaya ya yi ya sauka. Ba nace can aljanna ba ce, suna da nasu ciwon kai, amma kotun da ta iya ce wa su Mandela ku koma ku gyara, ka san ba kotun ado ba ce.

In kun kai ƙarshe, ku ɗauki takarda ɗaya ku raba ta biyu, hagu abin da kundi yace a kafa ko a yi, dama ranar da aka yi shi. 'Yan'uwanmu na Kamaru zasu fi jin daɗin wannan aikin: kundin 1996 ya tanadi majalisar dattawa, sai 2013 aka kafa ta, Conseil constitutionnel sai 2018, majalisun yankuna sai ƙarshen 2020, artikil na 66 kuwa da yace manya su bayyana dukiyarsu a farkon aiki da ƙarshensa, ka tambayi duk wanda ka sani a Kusiri ko ya taɓa ganin an yi. A babin ƙarshe na irin waɗannan takardu akwai abin da ake kira tanadin wucin gadi, nan ake rubuta cewa tsofaffin hukumomi zasu ci gaba har a kafa sababbi, ka duba ko an sa wa'adi, in ba a sa ba ka rubuta alamar tambaya babba.

Mu dai tamu takardar tana nan a shago cikin leda, duk ta yi baƙi da fensir da tabon shayi. Da aka yi gyaran 2025 Baba ne da kansa ya aiko jikansa yace in buga masa sababbin artikil ɗin da Larabci, manyan baƙaƙe don idonsa ya yi rauni, ya haɗo da dala ashirin a ƙulle a leda. Na mayar masa da kuɗinsa, ya sake aiko yaron da goro huɗu farare.